Ma'anar Kalmar "Curb": Jan Linzami Ne, Ba Kawo Ƙarshe Ba

Wanda duk ke bibiyar jaridun Turanci na Najeriya ya saba ganin "curb" a kanun labarai, musamman inda ake zancen tsadar rayuwa, ko matsalar tsaro, ko yaɗuwar wata cuta. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke mayar da ita Hausa da "kawo ƙarshen" ko "kawar da". Kalmar ba ta kai can ba.

Asalinta daga wajen dawaki ne. Ta shiga Turanci a ƙarni na 15 daga tsohon Faransanci, jijiyarta kuma kalmar Latin ce mai nufin lanƙwasa. A lokacin sunan wata 'yar sarƙa ce ko tsirkiya da ke haɗe da linzami, tana ratsawa ta ƙarƙashin haɓar doki. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahaya ranar Hawan Daushe ya ga aikinta da idonsa: ingarma na zumuɗi yana neman ɓallewa, mahayi ya ɗan ja linzami, sai dokin ya tanƙwara wuya, kumfa na fita a bakinsa, ya koma takawa a hankali. Ƙarfinsa na nan daram, an dai hana shi sakin jiki ne.

To haka take a magana. Idan aka ce za a yi "curb" ɗin wani abu, ana nufin taka masa birki, ko rage masa kaifi, ko shawo kansa kada ya wuce gona da iri. Kusan kullum abin ƙi take bi: cin hanci, fasa-ƙwauri, almubazzaranci. Ba a haɗa ta da alheri ko ci gaba, sai in mai maganar kuka yake yi cewa an tauye su.

Dubi abin da ya faru a 2024. Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya yi ta ƙara kuɗin ruwa, daga kashi 18.75 cikin 100 a farkon shekara har zuwa 27.5 a watan Nuwamba, jaridu kuma suka riƙa cewa an yi ne "to curb inflation". Wanda aka fassara wa wannan da "kawo ƙarshen tsada" zai shiga kasuwa yana sa ran kwanon shinkafa ya sauko. Alhali abin da bankin ke nema shi ne farashi ya rage gudun da yake hawa. Kalma ɗaya ta sa mutum jiran alkawarin da ba a yi masa ba, shi ya sa nake ganin gara mai fassara ya ce "rage hauhawar farashi".

Ana kuma faɗa wa mutum ita a kan halinsa. "Curb your tongue" na nufin kame bakinka, "curb your anger" kuwa danne fushinka.

Sai a kula da furuci. Da yake Hausa ba ta da sautin "v", mukan haɗa ta da "curve", wato lanƙwasa ko kwanar hanya. Tushensu ɗaya ne, amma aikinsu ya rabu tun tuni. Haka kuma ɗan tudun siminti da ke raba titi da hanyar masu ƙafa, Amurkawa "curb" suke rubuta shi, mutanen Ingila kuma "kerb", duk da cewa a baki ba su da bambanci.