Me ake nufi da sauya wa fakiti hanya cikin haske?

Duk saƙon da zai bi intanet sai an daddatsa shi gunduwa-gunduwa, kowace da adireshinta a goshi. Gunduwar nan ita ce fakiti, sunan da Donald Davies na Birtaniya ya raɗa mata a shekarun 1960. A cikin zaren gilashi haske ne ke ɗauke da fakiti, yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. To amma da ya iso mararraba sai a mayar da shi lantarki, rauta, wato na'urar da ke zaɓar wa fakiti hanya, ta karanta adireshin, ta sa shi a layi, sannan a sake mayar da shi haske. Juyin nan na shan wuta, yana kuma cin lokaci.

Abin da sauya wa fakiti hanya cikin haske ke nufi shi ne a bar fakitin a haskensa tun daga tashi har sauka. Adireshin kaɗai za a leƙa, a buɗe masa ƙofar da ta dace. Masu haɗa dubban kwamfutoci a kan aiki ɗaya, kamar horar da ƙirƙirarriyar basira, su suka fi ƙishirwar wannan, don in saƙo ɗaya ya makara sai sauran injinan su yi zaman jiransa.

Gizo yana saƙa ne a wuri ɗaya: haske ba ya tsayawa. A ce fakiti biyu sun iso lokaci guda, ƙofa ɗaya suke nema. Lantarki na da ma'ajiya, ɗaya sai ya dakata. Haske kuwa ba shi da inda zai zauna, sai dai a zagaya da shi cikin naɗaɗɗen zare. Jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kawai sai ya ci zare mai tsawon mita 200. Wasu kan canza launin hasken da ke ɗauke da fakiti ɗaya don su bi ƙofar tare, wasu su kora shi ta wata hanya ya dawo daga baya. A ganina duk dabarun maneji ne.

Shi ya sa har yau yawancin aikin yana ɗakunan gwaji. Abin da Google ke amfani da shi a cibiyoyinsa na bayanai ɗan'uwansa ne, ba shi ba: ƙananan madubai ke juyawa su buɗe wa haske hanya sukutum, a bar ta a buɗe. Madubin ya fi ƙiftawar ido sauri, amma kafin ya gama juyi ɗaya dubban fakiti sun riga sun wuce.