Ma'anar "hayawanun naɗiƙ": me ya sa masu manɗiƙi ke kiran mutum dabba?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, ya ji wannan jimla: al'insanu hayawanun naɗiƙ. A kan fassara ta da cewa mutum dabba ce mai magana. Wasu kan ɓata rai da jin haka, don a wajenmu ka ce wa mutum dabba zagi ne. Masu manɗiƙi kuwa rabe-rabe suke yi. Hayawan a wajensu shi ne duk jiki mai rai da yake ji kuma yake motsi da nufin kansa, daga tururuwa har giwa har ɗan Adam. Naɗiƙ kuma mai tunani ake nufi, wanda magana take fitowa daga hankalinsa. Shi ya sa bebe yake cikin ma'anar, aku kuwa, duk surutunsa, yana waje.

Tsarin ya samo asali ne daga Girka, wajen Aristo da wani malami mai suna Furfuriyus da ya rayu a ƙarni na 3 miladiyya. Ƙa'idar ita ce, in za ka bayyana abu, ka faɗi babban gidan da ya fito, wato jinsi, sannan ka faɗi abin da ya raba shi da 'yan gidansu, wato fasali. Jinsin mutum dabba, fasalinsa tunani. An juya waɗannan littattafai zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, daga baya suka iso zaurukanmu ta hanyar waƙar Sullam da Abdurrahman al-Ahalari ya tsara a shekara ta 941 bayan hijira, shi dai wannan mai littafin Ahalari da yara ke koyon tsarki da salla a ciki. A sharhohin fannin za ka ga doki an ce masa dabba mai haniniya, jaki kuma dabba mai kuka. An yi wa jaki rowa a nan: duk kayan da yake ɗauka, da kukansa kawai aka san shi.

A ƙarƙashin wannan akwai ra'ayin Aristo cewa rai hawa uku ne. Tsiro yana ci, yana girma, yana yaɗo. Dabba ta ƙara da ji da motsi. Mutum ya ƙara da hankali.

A nan ne gizo ke saƙa. In dabba ba ta da hankali, yaya aka yi tunkiyar da ba ta taɓa ganin kyarkeci ba take arcewa da zarar ta hango shi? Idonta launi da siffa kawai ya gani, ƙiyayya kuwa ba ta da launi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ɗauki wannan tambaya da gaske a sashen rai na littafinsa Ash-Shifa. Ya ce bayan gani da ji da sauran gaɓoɓin waje, akwai wasu ƙarfafa biyar a cikin ƙwaƙwalwa, ɗayansu wahami. Aikin wahami shi ne ya tsinto ma'anar da ke lulluɓe cikin abin da aka gani: wannan maƙiyi ne, a gudu, wannan ɗana ne, a lashe shi. Ya kawo misalin karen da aka taɓa duka, wanda daga baya ko sanda ya gani sai ya nannaɗe wutsiya. Karen bai san "cutarwa" a matsayin ma'ana ta gaba ɗaya ba, wannan sandar kawai ya sani. A ganina amsar tana da wayo ƙwarai, don ta ba dabba kusan duk abin da makiyayi ya san tana da shi, ta kuma bar wa mutum katangarsa.

A ƙarni na 12 aka fassara wannan sashe zuwa Latin a birnin Toledo na ƙasar Sifaniya, tunkiya da kyarkeci suka shiga jami'o'in Turai. Malamin Kirista Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya karɓi misalin, ya haɗa da tsuntsun da ke tara ciyawa don gina sheƙa. A wajensa ran dabba yana ƙarewa da mutuwarta, kuma babban dalilin hana azabtar da ita shi ne kada mutum ya saba da mugunta har ya kai ga 'yan'uwansa. Ibn Rushd kuwa, masanin falsafa na Andalus, bai yarda wahami wani ƙarfi ne dabam ba, ya ce suranta abu a zuci ya isa ya yi wannan aiki.

Malaman tauhidi da tafsiri ba su sami wurin miƙe ƙafa kamar masu falsafa ba, saboda nassi yana gabansu. Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu irinmu. A Suratun Namli tururuwa ta gargaɗi 'yan'uwanta, alhudahuda ya kawo wa Annabi Sulaiman labarin Saba'i. Hadisi a Sahihu Muslim ya ce ranar ƙiyama za a rama wa akuya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Mu'utazilawa, wata ƙungiyar malaman tauhidi, suka ce adalcin Allah ya hukunta a saka wa dabba kan wahalar da ta sha ba da laifinta ba. Fakhruddin ar-Razi, wanda ya rasu a 1210, ya tsaya yana mamakin ɗakunan ƙudan zuma masu kusurwa shida, waɗanda suke haɗuwa ba tare da ɓarnar wuri ba.

Waɗanda suka fi kowa matsa wa ma'anar "hayawanun naɗiƙ" lamba su ne Ikhwanus Safa, wata ƙungiyar masu falsafa ta Basra, a ƙarni na 10. A cikin wasiƙunsu akwai labarin dabbobin wani tsibiri da suka kai ƙarar 'yan Adam gaban sarkin aljanu. Mutane suka ce tsayuwarsu a miƙe shaida ce su iyayengiji ne. Alfadari, mai magana da yawun dabbobin, ya amsa cewa kowace halitta an yi mata siffa daidai da inda abincinta yake, mai tsinka a bishiya ya miƙe, mai kiwo a ƙasa ya sunkuya. Haka aka yi ta rushe hujjojin mutane ɗaya bayan ɗaya, na sana'a da na ilimi da na mulki. Mutane sun yi nasara a ƙarshe, amma da ƙyar, kuma da hujjar cewa a cikinsu ake samun annabawa da waliyyai. Labarin ya yi farin jini har wani malamin Yahudawa, Kalonimus ɗan Kalonimus, ya juya shi zuwa Ibrananci a 1316.