Zumar Mapul da Rage Sukari a Gashin Gida

Zumar mapul ruwa ne mai zaƙi da kauri da ake samu idan an dafa ruwan jikin itacen mapul har ya tsotse. Babu aikin ƙudan zuma a cikinta. Ana yin ta a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, kuma lardin Kwibek na Kanada shi kaɗai yana samar da kusan kashi 70 cikin 100 na wadda duniya ke sha. A Amurka jihar Bamont ce kan gaba. Masu gashi a gida suna sa ta a kek, biskit da burodi a maimakon farin sukari, wasu don ƙamshinta, wasu da niyyar rage yawan sukarin da iyalinsu ke ci.

Itacen da ruwansa

Mapul iri-iri ne, amma wanda aka fi tatsa shi ne wanda masana tsirrai ke kira Acer saccharum, sai baƙin mapul da jan mapul. Da damina itacen yana tara sitaci a jikinsa da saiwoyinsa, wanda ke juyewa ya zama sukari a ƙarshen hunturu. Ruwan yana gudana ne kawai idan dare ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa, rana kuma ta ɗan yi ɗumi. Wannan sauyi tsakanin dare da rana shi ke haifar da matsin da ke turo ruwan ta ramin da aka huda. Lokacin tatsa yakan faɗo tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu, kuma da wuya ya wuce mako shida. Da zarar itacen ya fara toho ɗanɗanon ruwan ya lalace, sai a cire bututun da aka sa a ramin.

Ba a huda itace sai ya kai kimanin shekara 30 zuwa 40. Ɗanyen ruwan fari ne tas kamar ruwan sha, zaƙinsa kaɗan ne, sukarin da ke ciki bai cika wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Saboda haka sai an dafa kusan lita 40 kafin a samu lita 1 ta zuma, kuma tsadarta daga nan ta samo asali.

Tarihi

'Yan asalin yankin, irin su Ojibwe, Abenaki da Haudenosaunee, sun san ruwan mapul tun kafin zuwan Turawa. Sukan sari bawon itacen a karkace, su sa ɗan itace ko kara a bakin saran, ruwan ya riƙa ɗiga cikin ƙwarya ta bawon itace. Hanya ɗaya ta ƙara masa zaƙi ita ce a bar shi ya kwana a sarari, da safe a kwashe ƙanƙarar da ta taru a sama a zubar, abin da ya rage ya fi zaƙi. An kuma ruwaito cewa sukan jefa duwatsu masu zafi cikin ruwan don ya tafasa. Ko sun kai ga yin busasshen sukari kafin tukwanen ƙarfe su iso musu, wannan batu ne da masana ba su daidaita a kai ba. Ana danganta ɗaya daga cikin rubuce-rubucen Turawa na farko kan ruwan mapul ga Bafaranshe André Thevet, wajajen 1557.

Faransawa da Turawan Ingila da suka zauna a yankin sun koyi sana'ar, suka shigo da tukunyar ƙarfe da abin huda itace. Abin lura shi ne har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 yawancin abin da ake yi busasshen sukari ne, domin shi ke jure ajiya da doguwar tafiya a zamanin da babu gwangwani babu firji. Ana zuba shi cikin mazubin katako ya daskare ya zama curi, kamar yadda ake yi wa mazarƙwaila, uwar gida ta riƙa kankaro abin da take buƙata har shekara ta zagayo. A ƙauyukan Kwibek da na arewa maso gabashin Amurka wannan shi ne sukarin talaka, farin sukarin rake kuwa ana kawo shi daga tsibiran Karibiyan da tsada.

A shekarun 1790 sukarin mapul ya shiga siyasa. Masu adawa da cinikin bayi sun yi kira da a ƙaurace wa sukarin rake, tunda bayi ke noma shi cikin azaba, a koma wa na mapul da manomi ke yi da hannunsa. Wani likita a birnin Filadelfiya na Amurka, Benjamin Rush, ya yi rubutu kan haka, kuma Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya dasa itatuwan mapul a gonarsa ta Monticello a 1791, sai dai ba su yi kyau a can ba. Yunƙurin bai karya kasuwar rake ba. Daga baya, da farashin farin sukari ya faɗi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, masu mapul suka bar yin curi suka koma sayar da zumar a matsayin kayan marmari. A daidai wannan zamani faffaɗan farantin dafawa ya maye gurbin tukunya mai zurfi, domin ruwa ya fi saurin tsotsewa idan ya bazu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka taƙaita sayar da sukari, gidaje da dama a yankin sun sake komawa ga mapul.

Sauyi mafi girma ya zo tsakanin shekarun 1950 da 1970, lokacin da bututun roba ya fara maye gurbin bokitin da ake ratayawa a jikin kowane itace. Yanzu bututun ke haɗa dubban itatuwa zuwa ɗakin dafawa, inji na zuƙo ruwan, wata na'ura kuma tana tace yawancin ruwan kafin a ɗora wuta. Ƙungiyar masu samar da zumar a Kwibek tana da rumbun ajiya don daidaita farashi, kuma daga nan ne aka sace kusan tan 3,000 tsakanin 2011 da 2012.

Dafawa da daraja

Zuma ta nuna idan sukarin da ke cikinta ya kai aƙalla kashi 66 cikin 100, wato sa'ad da take tafasa a kusan digiri 4 sama da inda ruwa ke tafasa, kimanin digiri 104 a ma'aunin Salshiyos. Idan ba ta kai ba za ta yi tsami a ajiye, idan ta zarce sosai sukari zai daskare a gindin kwalba. Ana tace ta da zafinta don cire wani gari mai kama da yashi da ke fitowa wajen dafuwa.

Tun 2015 Amurka da Kanada suka koma tsarin daraja iri ɗaya mai aji huɗu bisa launi: ruwan zinariya, ruwan zuma, mai duhu, da mai duhu sosai. Yawan sukarinsu ɗaya ne. Ta farkon lokacin tatsa ta fi haske da sauƙin ɗanɗano, ta ƙarshe ta fi duhu da ƙarfi.

In aka ci gaba da dafa zumar zuwa wajen digiri 125, aka sauke aka yi ta juyawa, sai ta farfashe ta zama garin sukarin mapul.

Aikin sukari a cikin kwaɓi

Kafin a rage sukari ya kamata a san cewa zaƙi ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Sukari yana jan ruwa ya riƙe, don haka yana hana fulawa yin danƙo da yawa, kek ya fito da laushi, kuma ya kwana biyu bai bushe ba. Idan ana buga bota da sukari, ƙwayoyin sukarin ne ke yanka botar su bar ƙananan ramukan iska, waɗanda bekin foda ke faɗaɗawa a cikin obin. Sukari ne ke sa saman gashi ya yi ja, shi ke sa biskit ya baje ya yi ƙaras-ƙaras, shi ke riƙe kumfar farin ƙwai kada ta zube.

Shi ya sa ba kowane gashi ke jure ragi iri ɗaya ba. Burodin ayaba, ƙananan kek na gwangwani da fanke sukan jure a cire rubu'in sukarin ba tare da an ga bambanci sosai ba. Burodin yis ya fi kowa haƙuri, domin sukari mai yawa rage wa yis kuzari yake yi. Kek na bota yana buƙatar taka-tsantsan: a fara da cire kashi 10 cikin 100, a duba, sannan a ƙara. Idan aka cire rabi, kek zai fito gajere, mai tauri, fari fat, samansa ya yi tudu ya tsage. Kek ɗin da tashinsa ya dogara ga bugaggen ƙwai bai kamata a taɓa sukarinsa sosai ba. Duk gashin da aka rage wa sukari yana saurin bushewa da saurin fumfuna, don haka a yi kaɗan ko a daskarar da saura.

Musanya sukari da zumar mapul

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce: a madadin kofi 1 na farin sukari a sa kashi uku cikin huɗu na kofin zuma, a rage sauran ruwan kwaɓin, madara ko ruwa, da babban cokali 3, sannan a sauke zafin obin da kimanin digiri 15, misali daga 180 zuwa 165.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan ƙa'ida shi ne ainihin maganar. Kofi 1 na farin sukari gram 200 ne. Kashi uku cikin huɗu na kofin zuma yana da nauyin kusan gram 240, wanda kimanin gram 160 sukari ne, sauran gram 80 ruwa. An rage sukari ke nan da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma ƙamshin mapul yana rufe giɓin har mai ci bai lura ba. Amma wanda ya zuba kofi cur na zuma a madadin kofin sukari ya sa kusan gram 210 na sukari, bai rage komai ba, ya kuma jiƙa kwaɓinsa. Ragin yana fitowa ne daga awo, don haka sikeli ya fi kofi amfani a nan.

Ana haɗa zumar da kayan ruwa, wato ƙwai, madara da mai, kafin a zuba kan fulawa. Kada a ɗauko ta daga firji a zuba kan narkakkiyar bota, domin sanyinta zai daskarar da botar ta yi gudaji-gudaji. A bar ta sanyinta ya sake tukuna. Girkin da ake yi da man gyaɗa ko narkakkiyar bota ya fi karɓar ta. Inda ake buga bota da sukari kuwa, zuma ba ta da ƙwayoyin da za su shigar da iska, sai kek ya danƙare. Maganin shi ne a bar rabin farin sukarin don bugu, a musanya rabin kawai, ko a yi amfani da garin sukarin mapul, wanda ke buguwa kamar farin sukari kuma ana iya sa shi awo ɗaya ko ƙasa kaɗan. Garin yana jan danshi ya dunƙule, sai a tankaɗe shi kafin amfani.

Biskit da aka yi da zuma zalla yakan fito da taushi kamar kek. Idan girkin ba shi da wani ruwa da za a rage, a ƙara fulawa babban cokali 3 zuwa 4, a sa kwaɓin a firji na rabin sa'a kafin gashi. Kek mai zumar mapul kan yi saurin yin duhu a sama alhali cikinsa bai nuna ba. Idan haka ta faru a rufe samansa da takardar alminiyom a ci gaba da gashi, a gwada da tsinke. Wasu littattafan girki suna cewa a ƙara rubu'in ƙaramin cokali na bekin soda, wasu kuma na ganin tsamin zumar bai kai a yi hakan ba.

Don gashi a zaɓi mai duhu ko mai duhu sosai. Mai ruwan zinariya ƙamshinta na ɓacewa cikin fulawa da bota, kuɗin ya tafi a banza. Tana dacewa da ayaba, tuffa, gyaɗa da kirfa, amma koko yana danne ta gaba ɗaya.

A Kwibek akwai sanannen kayan zaƙi mai suna pouding chômeur, wanda ake danganta asalinsa da matsin tattalin arzikin da ya fara a 1929: ana zuba zuma mai zafi kan ɗanyen kwaɓi, in ya gasu sai zumar ta koma ƙasa.

Lafiyar jiki

Kusan duk sukarin da ke cikin zumar mapul irin na rake ne. Gram 100 na ɗauke da kalori kusan 260, babban cokali ɗaya kuma kusan 52. Tana da sinadarin manganis da ribofilabin, da ɗan kalsiyam da zinki, kuma a gwaje-gwaje saurin da take ɗaga sukarin jini ya ɗan gaza na farin sukari. Wannan bai mai da ita abincin mai ciwon sukari ba. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, an lissafa irin wannan zuma da ta ƙudan zuma cikin sukarin da ya kamata ya gaza kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ci a rana, wato kusan gram 50 ga babba, kuma sauka zuwa gram 25 ya fi. Iƙirarin cewa wasu sinadaran cikinta na kare jiki daga cututtuka bai samu tabbaci a kan mutane ba.

Jabu da ajiya

Yawancin kwalaben da ake sayarwa da araha don zubawa kan fanke ruwan zaƙin masara ne da aka sa wa launi da ƙamshi, kuma sau da yawa ƙamshin daga hulba ake samo shi. A duba jerin kayan haɗi a jikin kwalba: ta gaske abu ɗaya tak ake rubutawa. Itacen ba ya ba da ruwa a ƙasashe masu zafi, don haka wadda ake gani a manyan kantunan Afirka ta Yamma shigo da ita ake yi.

Kwalbar da ba a buɗe ba takan yi shekara ko fiye a wuri mai sanyi. Da zarar an buɗe sai a sa ta a firji, in ba haka ba fumfuna za ta rufe samanta. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, ƙaramar kwalba ko garin sukarin mapul ya fi dacewa.