Ciwon daji ba ya bin kwanon tuwo

A wani gida cikin Birni, nan Damagaram, na ga yarinya ƴar shekara takwas da ta dawo daga jinyar ciwon daji a Yamai. Ta rame, kanta ba gashi. Da aka zuba tuwo sai aka ware mata kwanonta, aka ba ta moɗa daban. Wata maƙwabciya ta janye ɗanta tana cewa, "Taho nan, kar ka kwaso mana." Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara taɓa tuwon ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Jama'a, ciwon daji ba ƙyanda ba ne. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ne suke rikicewa, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Ba a ɗaukarsa ta yawu, ko gumi, ko kwana a tabarma ɗaya. Ko irin wanda ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, yaro ba ya shafa wa ɗan'uwansa shi. Zubewar gashi kuwa aikin magani ne, yana sake tsirowa bayan an gama.

In ma tsoro ne, ita ya kamata a ji wa: maganin yana raunana garkuwar jiki na ɗan lokaci, tarin wani yaron zai iya kwantar da ita. Da likita ya ba da izini, a mayar da ita lakwal, malam ya zaunar da ita tsakiyar ƙawayenta, ya taimaka mata ta cimma darussan da suka wuce ta.