Abigail Adams

Abigail Adams (1744–1818) ita ce uwargidan John Adams, shugaban Amurka na biyu, kuma mahaifiyar John Quincy Adams, shugaba na shida. An haife ta a garin Weymouth na yankin Massachusetts, 'yar wani malamin coci mai suna William Smith. Kamar yawancin 'yan matan zamaninta, ba a sa ta makaranta ba. A gida ta koyi karatu daga littattafan mahaifinta, kuma har ta tsufa ba ta daina takaicin yadda ake tauye wa mata ilimi ba.

An ɗaura aurenta da John Adams a 1764, yana matashin lauya. Da gwagwarmayar neman 'yanci daga Ingila ta kankama, maigidan ya shafe shekaru ba ya gida, da farko yana taron wakilai a Philadelphia, daga baya yana aikin jakadanci a Turai. Ita ta riƙe gonarsu a Braintree, ta kula da ma'aikata, ta yi renon yara cikin yaƙi da tsadar kaya, har ta riƙa juya kuɗin gidan a takardun bashin gwamnati.

Wannan rabuwa ce ta haifar da abin da aka fi saninta da shi: wasiƙu sama da 1,100 da suka rubuta wa juna. A cikinsu tana ba shi labarin halin da Boston ke ciki, tana auna masa halayen 'yan siyasa, wani lokaci ta ƙalubalance shi kai tsaye. A wasiƙar 31 ga Maris 1776 ta nemi ya tuna da mata a sabbin dokokin da za a tsara, kada a danƙa wa mazajen aure iko marar iyaka, domin kowane namiji zai iya zama azzalumi idan ya samu dama. Adams ya mayar da maganar wasa a amsarsa, alhali ta taɓo gaskiya, don a dokar lokacin dukiyar matar aure tana hannun mijinta ne. Haka kuma ta ƙyamaci bauta, tana mamakin masu yaƙin neman 'yanci suna riƙe da bayi.

Ta bi mijinta Turai a 1784, suka zauna Faransa, sannan Landan har 1788. Da ya hau mulki a 1797, shawararta ta yi nauyi har 'yan adawa suka laƙaba mata "Madam Shugaba". Nan ne tarihinta ya samu tabo: ta goyi bayan dokokin 1798 da suka tsananta wa baƙi, suka kuma ba da damar hukunta masu sukar gwamnati, domin zagin da jaridu ke yi wa mijinta ya yi mata ciwo. An ɗaure wasu editoci a ƙarƙashinsu, kuma dokokin na cikin abin da ya kayar da Adams a zaɓen 1800.

Ita ce matar shugaba ta farko da ta zauna a fadar White House, a Nuwamba 1800, ginin bai ma kammala ba, har tana shanya wanki a babban zauren gabas. Ta rasu a Quincy ranar 28 ga Oktoba 1818 sakamakon zazzaɓin taifot, ba ta ga hawan ɗanta mulki a 1825 ba.