Waiwaye: Yadda tallar littafi ta tashi daga shafin jarida ta koma allon waya

Kafin zuwan intanet, ƙofofin da sabon littafi zai bi ya isa ga jama'a ba su da yawa. Kamfanin ɗab'i kan aika wa editocin jaridu kwafin gwaji watanni kafin ranar fitowa, su kuma su zaɓi wanda za a yi wa sharhi. Jaridar New York Times ta fara fitar da sashenta na sharhin littattafai tun 1896, sai Times Literary Supplement ta biyo baya a Landan a 1902. Marubucin da ya samu shiga irin waɗannan shafuka, kakarsa ta yanke saƙa.

Talabijin ya ƙara wata ƙofar. A Faransa, shirin Apostrophes na Bernard Pivot ya yi ta tattauna littattafai a daren Juma'a daga 1975 zuwa 1990. A Amurka kuwa Oprah Winfrey ta buɗe zauren karatu a shirinta na talabijin a 1996, duk littafin da ta zaɓa sai an yi rububinsa. Duk da haka mutane ƙalilan ne ke yanke hukunci, sauran jama'a na sauraro.

Tsarin ya fara girgiza ne lokacin da masu talla suka koma intanet, kuɗin shigar jaridu ya ragu, shafukan littattafai kuma suka shiga sahun farko na abin da aka rage. Los Angeles Times ta daina buga sashenta na musamman na littattafai a 2008, Washington Post ta bi sahu a 2009. A lokacin kuwa Amazon, wanda ya fara sayar da littattafai a 1995, ya riga ya saba wa masu saye da rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashin kowane littafi. Dandalin Goodreads, inda masu karatu ke rubuta ra'ayinsu kan littattafai, ya buɗe a 2007, Amazon ya saye shi a 2013.

Babban sauyin ya zo ne da kullen korona a 2020. Matasa, galibinsu mata, suka riƙa ɗaukar gajeren bidiyo a TikTok ƙarƙashin taken BookTok, wata ta ɗaga littafi tana hawaye, ta ce shi ya hana ta barci. Ba edita, ba mai sharhi. Abin da ya fi ba masu ɗab'i mamaki shi ne tsofaffin littattafai ne suka fi amfana. It Ends with Us na Colleen Hoover ya fito tun 2016, amma sai a 2021 da 2022 ya yi kasuwarsa mafi girma. The Song of Achilles na Madeline Miller, na 2011, shi ma ya farfaɗo bayan shekara goma. A da, littafin da bai tashi ba a watannin farko, sai a cire rai da shi. Yanzu har kantunan littattafai na Barnes & Noble a Amurka sun ware teburan littattafan da BookTok ya haskaka.

Na yi murna da wannan, domin mai karatu ya samu bakin magana. Amma akwai abin da ke damuna. Nauyin talla ya dawo wuyan marubuci. Ana so ya tara mabiya, ya riƙa aika wa masoyansa wasiƙa ta imel, ya zaga shirye-shiryen fodkas (na sauti da ake saurara ta intanet), ya iya magana gaban kyamara, kuma sau da yawa masu ɗab'i kan duba yawan mabiyansa kafin su ƙulla yarjejeniya da shi. Ba kowane gwanin alƙalami ne gwanin baki ba. Sannan manhajar da ke zaɓar bidiyon da zai yaɗu ta fi son labaran soyayya da na almara, waɗanda za a iya bayyana daɗinsu cikin daƙiƙa talatin. Littafin tarihi, ko na waƙa, ko wanda aka fassara daga wani harshe, har yanzu yana buƙatar wanda zai zauna ya karanta shi a natse ya yi masa sharhi, kuma shafukan da ke biyan masu wannan aikin sun ragu ƙwarai.