Hana shaidar jiyau a kotunan soja

Shaidar jiyau ita ce maganar da wani ya faɗa a wajen kotu, wani daban ya kawo ta gaban alƙali don a ɗauke ta a matsayin gaskiya. Misali, kofur ya ce saja ya gaya masa ya ga wanda ya buɗe ma'ajiyar makamai. Sajan, wanda shi ne ganau, bai yi rantsuwa ba, kuma lauyan wanda ake tuhuma ba shi da halin titsiye shi da tambayoyi. Dalilin hanin ke nan.

Tarihi

Ƙa'idar ta samo asali daga dokokin Ingila, kuma ana jin ta kafu ne wajen ƙarshen ƙarni na 17. Shari'ar da aka fi ambata ita ce ta Walter Raleigh, wani bafaden Ingila da aka tuhuma da cin amanar ƙasa, a 1603. An karanta rubutaccen zargin da Lord Cobham, wanda aka ce sun haɗa baki da shi, ya yi masa, Raleigh ya nemi a kawo mutumin su yi ido da ido, alƙalai suka ƙi, aka yanke masa hukuncin kisa.

Kotunan da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun yi sako-sako da ita. Sashe na 19 na yarjejeniyar kotun Nuremberg, wadda ta yi wa shugabannin Nazi na Jamus shari'a, ya ce ƙa'idojin shaida na yau da kullum ba su ɗaure kotun ba. A Manila, a 1945, hukumar sojan Amurka ta karɓi takardu da shaidar jiyau a kan Janar Yamashita na Japan, ta yanke masa hukuncin kisa. Kotun Ƙolin Amurka ta bar hukuncin yadda yake a 1946, amma alƙalai biyu, Murphy da Rutledge, suka yi kakkausar suka. A shekarar aka rataye Yamashita.

Halin yanzu a Amurka

Tun 1980 kotunan sojan ƙasar ke aiki da ƙa'idojin shaida da aka kwaikwayo daga na kotunan tarayya. Ƙa'ida ta 802 ce ta yi hanin. An yi togaciya ga wasu abubuwa, kamar furucin da ya suɓuce wa mutum cikin firgici, da bayanin maras lafiya ga likita, da rajistar aiki ta kullum.

A shari'un Guantanamo, sansanin sojan Amurka a Cuba inda ake tsare waɗanda ake zargi da ta'addanci, dokar 2006 ta sassauta hanin, ta 2009 kuma ta mayar da nauyin tabbatar da ingancin maganar kan wanda ya kawo ta. Har yanzu lauyoyi na jayayya a kai.